Man Dare

Mota ba ta shiga lungunmu. Waɗanda suka gina unguwarmu a cikin birnin Katsina ba su gina ta da tunanin mota ba, jaki ma in ya ɗauko mangala sai an karkata shi kafin ya wuce. Shi ya sa duk motar da Baba ya taɓa mallaka a bakin lungu take kwana, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar bedi, inda kowa ke ganinta. Mai fita sallar asuba ba sai ya tambaya ko Malam yana gari ba. In ya ga mota, yana nan. In ya ga ɗigon baƙin mai kawai a ƙasa, ya yi tafiya.

Baba malamin makaranta ne, daga baya aka mayar da shi ma'aikatar ilimi. Da keke Raleigh ya fara, sannan ya sayi Vespa da kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, a 1975. Wannan ban riske shi da wayo ba, Inna ce ke ba mu labari, tana cewa a shekarar nan babu gidan ma'aikacin da bai yi sabon abu ba, wani babur, wani rediyo, wani amarya.

Motar farko da na buɗe ido na gani Bosuwaja ce, mai ruwan madara, wadda ya saya hannun wani abokin aikinsa. Ƙofa biyu gare ta, inji a baya, but a gaba, kuma ba ta shan ruwa domin ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya ta. Kukanta ba ya ɓoyuwa. Tun kafin ta karyo kwanar unguwa mun ji ta, mun zubar da wasa mun ruga bakin lungu. Bayan kujerar baya akwai wani ɗan rami da aka yi don kaya, to nan ne mazauninmu ni da ƙanwata, ɗumin inji yana ratso mu ta ƙasa. Batirinta kuwa ƙarƙashin kujerar baya yake. Baba ya yanko tsohon tub ya lulluɓe kansa, domin in mai jiki ya zauna, ƙarfen kujera kan taɓa kan batir ya yi tartsatsi. Saboda haka ne Gwaggo ba ta taɓa zama a baya ba, ko da Inna na cikin motar.

Inna 'yar Daura ce, don haka kusan kowace Sallar Gani muna can. Mu bi ta Mashi, mu wuce Shargalle, Baba ya tsaya ya saya mana rake ko gyaɗa, mu isa gidan kakarmu kafin azahar. A kai mu kallon hawa, a kai mu rijiyar Kusugu mu sha ruwa, in za mu dawo a cusa mana daddawa da kuka da ƙullin gero a gaban mota har murfin ya ƙi rufuwa sai da igiya. Abin da na riƙe game da Bosuwaja ke nan. Motar yarinta ce, ban san wahalarta ba.

Fijo ita ce motar gidanmu ta gaskiya. Ta zo a 1981, shekarar da Sarki Usman Nagogo ya rasu aka naɗa ɗansa Muhammadu Kabir. Baba ya sayar da Bosuwaja, ya haɗa da bijimai biyu da yake kiwo a ƙauye da abin da ya tara, ya tafi Kaduna ya dawo da Peugeot 504 doguwa, fara, mai layin kujeru uku. A Kakuri ake haɗa su a lokacin, kamfanin ya fara aiki tun 1975, kuma ko bayan da Faransa ta daina ƙera irinta a 1983, a Kaduna an ci gaba da fito da ita har bayan shekarar 2000. Ranar da ta iso, ledar kujeru ba a ma cire ba, limamin unguwa ya zo ya yi addu'a, aka raba goro da waina, kowa na cewa Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya. Kawu ya tambayi Baba me ya sa bai ɗauko gajera ba, irin ta manyan ma'aikata, ya ɗauko wannan mai kama da ta haya. Baba ya ce, “Gajera ba a kwantar da mutum a cikinta.”

Ban gane maganar ba sai da dare ya fara nuna mani. A duk lungunmu da na bayanmu babu wata mota, waya kuma sai gidan wane da wane. In ciwo ya tashi cikin dare, ƙofar zaurenmu ake bugawa. Na haddace yadda abin yake tafiya: bugu uku a hankali, sallama, sannan muryar namiji a ƙasa-ƙasa, “Malam, a yi haƙuri da tashin dare, mai ɗakina ce.” Baba ya ce, “Allah ya raba lafiya, ku fito da ita bakin lungu.” Ya zura riga a kan zanen barci, ya ɗauki tocila da makulli. A bayan motar kullum akwai tabarma naɗe, da tsohon bargo, da bokiti, da buta. In marar lafiya ba ya iya zama, a kwantar da kujerun baya a shimfiɗa. An haihu a cikin motar nan sau ɗaya, kafin a kai ƙofar Babban Asibiti, kuma yaron har ya girma da sunan motar abokansa ke tsokanarsa. An cika a cikinta ma, fiye da sau ɗaya. Washegari Baba ya sa a kawo ruwa da omo mu wanke, ya shiga ya tafi aiki.

Bai taɓa karɓar ko kwabo ba. In an matsa mashi da kuɗin mai sai ya ce a saya wa mai jego nama. Doka ɗaya kawai ya kafa, kuma a kanmu take, ba a kan maƙwabta ba: ba a ajiye Fijo ta kwana da ƙasa da kwatan tanki. Wannan kwatan shi yake kira man dare.

Da aka ɗauke shi aiki zuwa Kaduna, kowace Juma'a yana bisa hanya, Zariya, Funtuwa, Malumfashi, Kankiya, ya iso bayan isha'i da ƙura har gira. Matan unguwa masu tsohon ciki har addu'a suke yi naƙuda ta zo masu a ƙarshen mako. Ranar 23 ga Satumba 1987 aka ba mu jihar Katsina, ma'aikata 'yan asalin nan suka tattaro suka dawo gida, kuma a bayan Fijon nan ya kwaso fayil-fayil na ofishinsu, sawu biyu, ɗaure da igiyar rama.

A kanta na koyi tuƙi, amma sai da na shekara ina wanki da riƙe sufana kafin ya bar ni na taɓa sitiyari. Ranar Asabar da hantsi yakan buɗe bonet ƙarƙashin bedi, ya shimfiɗa buhu, ya kwance fulogi huɗu ya jera. Ya nuna mani bakin kowanne: in ya yi baƙi ƙirin da toka, mota na shan mai fiye da kima, in ya jiƙe da baƙin mai, zoben fistin ya fara gajiya. Ya kankare kwantak da 'yar takardar yashi, ya latsa fanbel da babban yatsa ya ji ko ya saki, ya cire jet ɗin kafireta ya busa da baki ya ɗaga shi sama ya leƙa rana ta ciki. Abin da ya fi ƙarfinsa ne kawai ke zuwa gareji. Fijo mota ce da mai ita zai iya fahimta, kuma a lokacin babu garin da za ka shiga a ƙasar Hausa ka rasa bakaniken da ya san cikinta. Ga ta da haƙuri a kan gargada. Hanyar ƙauyenmu da damina, wadda ƙananan motoci ke juyawa, ita takan bi a hankali tana rangaji har ta fita.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wanda ban taɓa faɗa wa 'ya'yana ba sai bana.

A zamanin Abacha mai ya yi wuya. A hukumance lita naira 11 ce, amma gidajen mai a rufe suke, in an ji labarin tanka ta sauke a wani wuri, layi ya miƙe kamar ba zai ƙare ba, mutane su kwana biyu a cikin motocinsu. Mu da ke bakin iyaka abin ya fi yi mana zafi, domin man da ya kamata a sayar mana yana bin hanyar Jibiya ya tsallaka Maraɗi inda ya fi tsada. 'Yan bumburutu da galan-galan a bakin titi su ke cin kasuwarsu. Kwatan tanki ya gagara riƙewa, sai Baba ya samo jarkar ƙarfe mai lita 20, ya cika ta, ya ajiye a ɗakin zaure ya rufa mata tsohuwar tabarma. An sha zuwa a taya ta da kuɗi mai tsoka, ya ce ba ta sayarwa ba ce.

Da bazarar 1996, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a Arewa, wani abokina ya yi aure, za a kai amarya Dutsin-ma. Na roƙi Baba mota. Ya ce, “In ka sami mai, ga makulli.” Na zaga gari ban samu ba, na 'yan bumburutu kuma ya fi ƙarfin aljihuna. Na riga na yi wa abokai alkawari, ina jin kunyar in koma in ce babu. Da azahar, gida ya yi tsit, na shiga ɗakin zaure na ɗauki jarkar na juye ta a tanki, na mayar da ita na rufa tabarma yadda take. Na ce wa raina gobe zan nemo in cika. Muka je muka dawo bayan isha'i, da zagaye-zagayen da samari ke yi, allura ta kwanta a ƙasa. Da ƙyar ta kawo ni gindin bedi.

Wajen ƙarfe biyu na dare aka buga ƙofa. Maƙwabcinmu ne na gida na uku, yana ɗauke da ɗansa mai shekara biyar a kafaɗa. Jikin yaron kamar garwashi, wuyansa ya sanƙare ya ƙi lanƙwasuwa. Baba ya shiga ɗakin zaure, ina tsaye a bayansa da tocila. Ya yaye tabarma, ya sunkuya ya tattara ƙarfinsa zai ɗaga lita 20, sai jarkar ta taso mashi fayau ta bugi bango. Har yau in na ji an buga fankon ƙarfe sai gabana ya faɗi. Ya juyo ya dube ni. Bai ce komai ba.

Muka gwada motar haka nan. Ta tashi, ta yi 'yar tafiya, ta yi tari ta mutu tun ba mu fita unguwa ba. Na ruga da jarka a hannu ina neman 'yan bumburutu, duk sun tashi. Muka buga gidaje uku kafin a sami mai babur da ɗan mai a ciki, kuma sai da aka fara kiran assalatu sannan aka ɗora yaron a tsakiya, ubansa na riƙe da shi ta baya. Asibiti a cike yake maƙil a kwanakin nan, har a baranda da ƙarƙashin itatuwa an kwantar da mutane. Yaron ya rayu. Amma da ya tashi, ba ya ji. Kunnuwan biyu duka.

Likita ya ce ciwon yakan yi haka ko da an kawo mutum da wuri, kuma Baba da kansa ya maimaita mani wannan. Sai dai ni na san awa nawa muka ɓata, na ƙirga su ba sau ɗaya ba. Bayan kwana uku ya kira ni zaure. Na zata duka ne ko kora, da ma su ne da sun fi mani sauƙi. Ya ce, “Ba zan ce kai ka jawo ba, wannan Allah kaɗai ya sani. Amma man nan ba nawa ba ne balle ya zama naka. Ajiya ce.” Ya miƙo mani kuɗi ya ce in tura motar in shiga layi, kada in dawo sai da tanki da jarka. Sannan ya ce kafin nan in je in gaya wa uban yaron abin da na yi, da bakina.

Na kwana biyu a layin mai, wannan bai dame ni ba. Zuwa gida na uku ne ya fi kowace tafiya da na taɓa yi nisa. Na durƙusa a zaurensa na faɗa. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, “Tashi ɗana. Motar babanka ta kai uwar yaron nan asibiti ranar da za ta haife shi. Abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa.” Na fito ina kuka kamar ƙaramin yaro.

Fijo ta shekara ashirin da biyu a hannun Baba. Ya yi ritaya, yanar ido ta fara rufe mashi gani, tuƙin dare ya koma hannuna. An yi mata fenti sau biyu, an sauke inji sau ɗaya, ƙasan ƙofofi ya fara cin tsatsa. Mu 'ya'yansa muka taru muka matsa mashi a sayar, muna cewa ta tsufa, ta zama abin kunya a ce gidan Malam har yanzu ita ce. Ni na fi kowa zaƙewa, domin na fara aiki, idona na kan motocin Kwatano masu sanyi da gilashin da ke sauka da kansa. Ya ce tunda mun haɗu a kai, to. Wani direba ya saya ya sa ta layin Jibiya. Na sha ganinta a hanyar Ƙofar Guga, an ɗora mata buhuna har bisa rufi, bayanta ya zauna, tana tafiya abinta. Ranar da aka zo ɗaukarta Baba bai fito ba. Ya aiko a ciro mashi tabarma da bargo da buta.

Wadda na saya a madadinta ba zan kama sunanta ba, don laifin ba na masu ƙera ta ba ne. A shekarun nan motocin da Turawa suka gama hawa ta tashar jirgin ruwan Kwatano suke sauka, a biyo da su ta Nijar a shigo da su, kowane fili a gari ya zama wurin sayar da mota. Wani dillali ya kai ni ga wata mai ruwan toka, tana ƙyalli, ya rantse mani wata tsohuwa ce ke hawanta zuwa kasuwa kawai. Ban je da bakanike ba, don kada a riga ni. Wata huɗu giyarta ta fara fizga, da aka buɗe aka tarar an mayar da lissafin tafiyarta baya, an kuma ɗura mata mai mai kauri don ya ɓoye ƙarar inji. An sha ni basilla. Abin da ya fi ci mani rai shi ne na buɗe bonet na tsaya ina kallo ban gane komai ba: babu kafireta, babu kwantak, wayoyi ne da akwatin roba. Duk abin da Baba ya koya mani ƙarƙashin bedi bai yi aiki a kanta ba. Ta taɓa mutuwa da mu kusa da Tsanyawa, ina kai shi asibitin ido Kano, muka yini a bakin hanya. Ya shimfiɗa tabarmar nan ya zauna yana jan carbi, bai ce da ma ba. Na sayar da ita da asara.

Baba ya rasu a 2008, watanni kaɗan bayan Sarki Kabir. A zaman makoki na ji tafiye-tafiyen da ban taɓa sani ba. Wani tsoho ya ce Malam ya kai shi Zariya aka yi mashi aiki, ya jira shi kwana biyu yana kwana a mota. Wata mata ta aiko da ƙwaryar gero daga wani ƙauye, ta ce a gaya wa iyalinsa ita ce wadda ya tsinta a hanyar Mashi da yaro a goye, maciji ya sare ta.

Tun 2010 Toyota Corolla nake hawa, ita ma ta hannu ce, amma wannan karon da bakanike na je, ya shiga ƙarƙashinta ya fito kafin in ce na saya. Ba ta da girman Fijo, ba a kwantar da babba a cikinta sai ya naɗe ƙafa, sai dai ba ta taɓa ba ni kunya ba, kuma ba ta shan mai. Da ita na ga Janairun 2012, lokacin da lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141 kafin a dawo da ita 97. Da ita na ga 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafi lita ta haura naira 500 cikin kwanaki. Daga nan na koma hawa babur zuwa aiki, mota sai ta yi mako ba ta motsa ba. Zuwa Daura da muke yi don zumunci ya koma sai da dalili. Hanyoyin Batsari da Jibiya da Baba ke bi tsakar dare ba fargaba, yau ko da rana sai an yi tambaya an yi addu'a. Na gina gidana a bayan gari inda mota ke shiga har tsakar gida, amma da Inna ta tsufa na dawo gidan gado, Corolla ta koma kwana gindin bedi. Maiɗakina takan ce ga albashi ba ya kai ƙarshen wata, ga mai kwance a tanki ba a taɓawa. Gaskiya ta faɗa, akwai watan da kuɗin kwatan tankin nan da ya saya mana rabin buhun masara. Ban iya ba ta amsa ba sai da na ba ta labarin jarka.

Yanzu akwai motoci a unguwa, akwai Keke Napep, kuma ba a buga ƙofa, waya ake kira. Mutum ɗaya ne ba ya iya kira. Yaron nan ya girma, ya yi makarantar kurame, ya zama tela, shagonsa na bakin titi kuma shi ke ɗinka mani kayan sallah. Da sanyin bara, wajen ƙarfe uku na dare, na ji bugu uku a ƙofar zaure. Na buɗe na gan shi tsaye ba hula. Ya zana tudun ciki da hannu a gabansa, ya nuna gidansu, ya nuna bakin lungu.

Na ɗauko makulli, na ce wa babban ɗana ya ɗauko tabarma da bargo. Na murɗa, ta tashi bugu ɗaya, allura na bisa kwata kaɗan. Matarsa da gwaggonta suka shiga baya, shi ya zauna kusa da ni yana ta waiwaye. Ana idar da sallar asuba ungozoma ta leƙo ta ce mace ce, uwa da ɗiya lafiya. Gwaggon ta juya ta yi mashi nuni, ya kama hannuna da hannu biyu ya riƙe, ya daɗe bai saki ba.

A hanyar dawowa ɗana ya ce mu wuce gida ya ɗan runtsa kafin makaranta. Na ce sai mun biya gidan mai. Ba su buɗe ba tukuna, muka kashe mota muka jira.